Babi na Uku: Daga Gurbi Zuwa Mako Shida

Ƙaramar hukumar Tarauni ba ƙauye ba ce. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma a ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 220,000 a cikinta, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake ta yi. Gonakin da dattawa suka sani a Darmanawa da Daurawa da Hotoro yawancinsu gini ya cinye. Duk da haka kaza ba ta bar mu ba. Ka sauka daga titin Zariya ka kutsa lungunan Gyadi-Gyadi da hantsi, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da uwa tana tono a gindin bango, 'ya'yanta suna rige-rigen abin da ta bankaɗo. Yawancin kajin nan na mata ne da yara. Ranar da aka koro yaro saboda kuɗin makaranta, ko likita ya rubuto magani aljihun maigida ba nauyi, sai uwargida ta sa a kama zakara ɗaya a kai Kasuwar Tarauni.

Amma ka sa ido a kan uwa guda a lungunku. Ranar da ta fito da su za ka ƙirga goma, wani lokaci har sha biyu. Bayan mako biyu sun koma bakwai. Kafin gashi ya gama rufe musu jiki, uku ne ko huɗu suke bin ta. In ka yi wa mai kazar jaje sai ta ce, "To ya za a yi, dama ba duka suke tashi ba." Rai na Allah ne, wannan babu ja. Sai dai abubuwan da suke kashe 'yan tsakin nan sanannu ne, ba su da yawa, kuma tsare su bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Kazar Hausa ta iya ƙyanƙyasa, ba ta buƙatar a koya mata. Inda take buƙatar hannun mutum shi ne bayan ƙwai ya fashe, kuma daidai nan ne yawancinmu muke janye hannu.

Bari mu fara daga gurbi.

Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa sha biyar a jere, sannan ta fara kwanci. Za ki gane ta: ta lafe a gurbi, in kin miƙa hannu ta baza gashi ta kai sara, muryarta ma ta sauya. Kada a bar mata duk abin da ta saka. Jikinta ƙarami ne, ƙwai takwas zuwa goma take iya rufewa sosai, in ta cika girma sha biyu. Wanda ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike sanyi yake sha, kuma da yake tana jujjuya su, yau wannan ne a waje gobe wancan, sai a wayi gari rabin gurbin ya lalace. A zaɓi ƙwai matsakaita, masu santsi, marasa tsaga, waɗanda ba su wuce kwana bakwai ba. Ba a wanke ƙwan da za a sa wa kaza, domin wanki yana cire ɗan rufin da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta kofofin ɓawo. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ƙwan da aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano yakan fara kamawa tun kaza ba ta hau shi ba, sannan ya mutu. Gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi, ya fi kowane wuri a gidan dacewa da ajiyarsa. A sa wa kowanne alama da fensir ko gawayi, saboda wasu kajin sukan shigo su ƙara nasu a gurbin da ake kwanci, kuma ƙwan da ya shigo a makare ba zai ƙyanƙyashe tare da sauran ba.

Akwai masu sayen ƙwan kiret a shago su sa wa kaza, su yi ta jira. Wannan ƙwai daga gidan gona yake, inda kaji ke cikin keji babu zakara, ko shekara ta yi a kansa babu abin da zai fito. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Yana da kyau a riƙa musanya shi da na wani gida duk shekara, don kada ya zama uba yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, iri ya yi ta ƙanƙancewa.

Gurbin kansa a ƙasa ya fi, ba a kan siminti ko cikin kwali ba. A kafa tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya a lungu mai duhu, a zuba yashi, a barbaɗa toka, a shimfiɗa ƙaiƙayi da busasshen ganyen darbejiya. Tokar tana rage ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda su ne kan sa kaza ta gudu ta bar ƙwai a tsakiyar kwanci. A ajiye mata ruwa da tsaba kusa. Sau ɗaya a yini takan sauka ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma. Wannan saukar ba laifi ba ce, kada yara su kora ta.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce na fara ganin tana duba ƙwai da fitilar waya. Bayan sallar isha ta ɗaga kazar a hankali, ta ce da jikanta, "Zo nan ɗan albarka, riƙe min fitilar, kada ka girgiza." Ta dunƙule hannu a kan hasken, ta ɗora ƙwai ta ɓangaren mai faɗi. Rana ta tara ke nan da fara kwanci. A cikin na farko jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Na biyu haka. Na uku kuwa haske ya ratsa shi tas, babu komai sai inuwar gwaiduwa. Ta ajiye shi gefe ta ce, "Wannan baragurbi zai zama, gara ya fita tun bai fashe ya ɓata min sauran ba." Abin da masu manyan injuna suke yi ke nan da fitilunsu na musamman, tsakanin kwana bakwai zuwa goma, kuma dalilinsu ɗaya da nata.

Kwana 21 kaza take yi. Tun a rana ta 19 ko ta 20 ɗan tsako yakan huda ɗan gurbin iskar da ke cikin ƙwai ya fara numfashi, har in kin kasa kunne za ki ji kukansa daga ciki. Daga lokacin da ya tsaga ɓawo zuwa fitowarsa yakan ɗauki rabin yini, wani ma yini guda cur. A nan tausayi yake jawo ɓarna. Mai ɓare masa ɓawo don ta taimake shi takan tsinka jijiyoyin da ba su gama janyewa ba, jini ya zuba, ya fito da cibiya a buɗe. A bar shi. Abin da ya kamata a yi, musamman da hunturu ko bazara lokacin da iskar Kano ta bushe ƙayau, shi ne a yayyafa ruwa a ƙasan da ke kewaye da gurbin a kwanaki ukun ƙarshe, don kada tantanin ciki ya bushe ya manne masa.

Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwa, mutane kan sa wa kaza shi, tunda zabuwa ba ta iya reno ba. Shi kwana 26 zuwa 28 yake yi. In za a haɗa shi da na kaza a gurbi ɗaya, sai a fara sa na zabon da mako guda, don su fito tare. In ba haka ba uwar za ta tashi ta bi waɗanda suka riga fitowa, ta bar sauran su huce.

Ba zan daɗe a kan injin ƙyanƙyasa ba. Dabarar tsohuwa ce, Misirawa sun fi shekara 2,000 suna ƙyanƙyasa ƙwai a ɗakunan laka da ake ɗumamawa. Injin zamani yana so a riƙe zafinsa a wajen digiri 37.5 dare da rana, a riƙa juya ƙwai aƙalla sau uku a yini har rana ta 18, sannan a daina juyi a ƙara laima. Wanda ba shi da sola da batir mai kyau, ko wata hanya ta riƙe zafin nan in an ɗauke wuta, kada ya zuba kuɗinsa. Ga gida mai kaji goma ko ashirin, uwa biyu masu kwanci sun fi inji amfani. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an sayar da kajin Hausa kaf an koma noila zalla. Noila, wadda aka samar a wata gonar ƙyanƙyasa da ke Awe a Jihar Oyo, tana da saurin girma da yawan ƙwai. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar a shekarar 2000, gwanar ƙwai ce. Amma irin waɗannan kaji da wuya su yi kwanci, an zaɓe su ne don su yi ta saka ƙwai ba tsayawa. Mai hikima takan bar 'yan Hausa biyu ko uku a gida, ta sa musu ƙwan manyan.

Yanzu ga inda ake yin asarar.

Ɗan tsako yana fitowa da guzurinsa. Kafin ya fasa ɓawo yakan janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ita ce ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku ko bai ci komai ba. Wannan ne ya sa 'yan tsakin kwali, hamsin-hamsin, suke iya kwana a mota tun daga Ibadan, tafiyar kusan kilomita 1,000, su iso Kano da rai. Abin da ba ya fitowa da shi shi ne ikon ɗumama kansa. A makon farko yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da kusan uku kowane mako har gashi ya rufe shi. Ƙarƙashin fiffiken uwa yana samun haka. Matsalar ita ce uwar yunwa take ji bayan mako uku tana kwance, don haka da asuba ta kwashe su ta yi waje. A watan Disamba ko Janairu, sanyin asuba a Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15. Da damina kuma ga raɓa, ga ruwan da ya kwanta a lungu. Ɗan tsakon da ya jiƙe ya sha iska ba lallai ya kai yamma ba.

Ga kuma kwata. A unguwanni irin namu ina ganin ta fi shirwa cin 'yan tsaki. Uwa ta yi tsalle ta haye, su kuma su biyo ta su zurma, bangon siminti ba wurin kamawa. Sannan babur da a-daidaita-sahu, da muzuru, da gafiya da ke shiga akurki da dare, da hankaka. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma duk wanda ya ga yadda uwa ke ƙwalla kuka da ganin inuwa a ƙasa, 'ya'yan su watse kowa ya lafe a inda ya samu, ya san tana iya ƙoƙarinta. Amma ba za ta iya kare goma a fili ba.

Maganin duk waɗannan guda ɗaya ne: kada su fita. Mako huɗu zuwa shida na farko a killace uwa da 'ya'yanta. Ba sai an gina ɗaki ba. Babban kwandon da ake kifawa ya isa, ko ɗan keji na katako da ragar waya mai ƙananan ido wanda kowane kafinta a unguwa zai haɗa. Da rana a ja shi inuwa a tsakar gida, da dare a shigar da shi wurin da iska ba ta bugawa, a rufe da buhu a bar ƙofar numfashi. A shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako, a canza da zarar ya jiƙe, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke haifar da kashin jini. Akwai wata riba kuma. Uwar da aka bari tana yawo da 'ya'ya takan yi wata biyu zuwa uku ba ta koma ƙwai ba. In an raba ta da su a mako na biyar ko na shida, ba ta daɗewa take sake kyarkyara.

Wanda ya kulle dole ya ciyar, kuma a nan ne ake cewa ba hali. Mu duba. Ɗan tsako ɗaya, in na gida ne, abincin da zai ci a mako shida bai wuce kilo ɗaya ba. Masu shagunan abincin kaji suna auna cikmash, wato abincin 'yan tsaki, a kwano, ba sai an sayi buhu ba. Abin da ya bambanta shi da dusa shi ne sinadarin gina jiki, wanda ke kaiwa kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Dusa zalla cika ciki kawai take yi, shi ya sa ake ganin ɗan tsako ya yi wata biyu yana nan tsamurmuri, fiffike na ja a ƙasa. Mai son haɗawa da kanta sai ta ɓarza masara ko gero, ta ƙara garin waken suya da aka soya, don ɗanyensa yana hana narkewar abinci, da ɗan ɓurɓushin busasshen kifi da yankakken ganyen zogale. Duk hatsin da ya yi funfuna a zubar, gubarsa hanta take ci. Ruwa kuma a faranti mara zurfi, a jera tsakuwa a ciki, saboda ɗan tsako yana iya nutsewa a kaskon da bai kai tsawon yatsa ba.

'Yan kwali ba su da uwa, don haka mai gida ce uwarsu. A ɗumama wurin tun kafin su iso, a fara ba su ruwa da ɗan gulukos ko sukari, sai bayan awa ɗaya ko biyu a sa abinci. Ba sai da ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya miki. In sun cure wuri ɗaya suna hawa kan juna suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu kowa na sha'aninsa, an dace. Mai amfani da gawayi ta bari ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare kafin ta shigar da shi, ta kuma bar taga a buɗe. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe kaji tana kashe mutane. Saboda haka, da kuma ƙwayoyin cutar da ke cikin kashinsu, kada a kwana da 'yan tsaki a ɗakin da yara suke barci, kuma yaron da ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu.

Saura babbar, wadda masu kiwo ke kira fakat, likitoci kuma suke ce mata cutar Niyukasil. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila. A ƙasar Hausa da hunturu ta fi ɓarna. Kaza ta takure ta saki fiffike, tana gyangyaɗi, tana koren zawo, tana buɗe baki don numfashi, wata wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda akurki ya zama wayam. Na sha ganin ana fasa jan kafso a ruwa, ana jiƙa saƙe-saƙin maɗaci, ana daka barkono. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma babu kafson da ke kashe bairos. Wanda aka zuba wa kajin a banza, illarsa ita ce gobe in ana buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Sau da yawa da kuɗinmu muke sayo ta. In ciwo ya shiga ƙauye, masu kaji sukan yi maza su kai sauran kasuwa kafin su mutu a hannunsu. Daga Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, dillalai su kwaso su zuwa birni, a cakuɗa masu lafiya da marasa lafiya a keji ɗaya. Duk kazar da ta shigo gida, ta kasuwa ce ko kyauta ce daga dangi, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, jefa ta a bola ko kwata raba wa maƙwabta ciwo ne. In kuwa mutuwar ta zo farat ɗaya, kaji da yawa a dare guda, a sanar da asibitin dabbobi na Kundila ko na Gwale, kada a yanka a ci. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ba a jima ba ta iso Kano, ta kuma sake dawowa a farkon 2015. Alamominta suna kama da na fakat, kuma ita tana iya kama mutum.

Fakat tana da rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana fitar da Lasota da ake sawa a ruwan sha, da kuma I-2, wanda masana a Ostareliya suka samar musamman don kajin gida, saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Akwai kuma na gumboro, wanda ake ba 'yan tsaki a makonnin farko, malamin dabbobi zai faɗi ranakun. Rigakafi abu ne mai rai: a sayo shi a cikin ƙanƙara, kada rana ta taɓa shi, kada a haɗa shi da ruwan famfo mai kulorin, kuma mai lafiya ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba.

Abin da ke hana ƙananan masu kiwo yin sa ba tsada ba ce. Kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko 200, wata ma har 1,000, kuma Lasota in an haɗa shi da ruwa cikin awa biyu ya kamata a gama da shi. Mai kaji goma sha biyu sai ta ga asara ce, ta haƙura. To ai ba ke kaɗai ce mai kaji a layin ba, kuma kajinki da na maƙwabta a juji ɗaya suke tono. Yadda ake haɗa adashi a tsakanin gidaje, haka za a haɗa kuɗin kwalba ɗaya, a sa rana, a hana kaji fita da safe, a sami yaro mai hankali ko malamin dabbobi ya bi gida-gida.

Kazar Hausa wata shida take ɗauka kafin ta isa yanka ko ƙwai, don haka mai son sayarwa da ƙaramar Sallah ko cika-ciki sai ta ƙirga baya ta san lokacin da za ta sa ƙwai. In lissafin ya faɗa cikin sanyi, kejin da rigakafin sun zama dole. Uwargida, tun watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa, ki leƙa gidajen da ke layinku ki ji kowa kaji nawa gare ta. In adadin ya kai 100, kwalba ɗaya ta ishe ku.